Kakannin da Baffa Ya Manta

Lahadi da dare, Maris 2005

An ba 'yata Zahra aikin makaranta kan asalin dangi. Na ce mu Larabawan Shuwa ne, 'yan ƙabilar Salamat, kakanninmu suka biyo shanu daga gabas har tafkin Chadi. Ta ce, "Mama, sunayensu fa?" Na kasa wuce kakan babana.

Na sayo katin waya a Elm Street, wani titi a nan ƙasar waje da muke zaune, na kira Baffa a Maiduguri, shi da yake jero kakanni har Yaman. Ya fara, "Adam ɗan Hamid, ɗan..." sai ya kakare. Can ya ce, "Wace ce?"

Matarsa ta karɓa, ta ce tun bara haka yake. Na tambaye ta wa kuma ya haddace sunayen.

Ta ce mini, "Sai Allah, Falmata."

Har yanzu na kasa gaya wa yarinyar nan.