A Sauke Hotona daga Bakin Tashar Birnin Kudu

Zuwa ga Alhaji, shugaban kamfanin da ya kai mu Umara a watan Sha'aban da ya gabata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Sunana Sa'adatu, a Sundimina an fi sanina da Malama Sa'a. Ina koyar da matan aure a Islamiyyar da mahaifina ya bar mana. Ni da maigidana Malam Hudu muna cikin ayarin da ka tura. Ban rubuta sunanka ko na kamfaninka ba, domin ba tozarta ka na fito yi ba. Sau biyu na zo ofishinka na Birnin Kudu ana ce min ka tafi Kano. Na bar takarda a hannun sakatarenka, har yau shiru. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a fili, musamman da yake maganar ta shafi duk wanda zai bi jirgi da waya a hannu.

Zan fara da godiya, kuma ba ta baka kawai ba. Masaukinmu yana kusa da masallaci kamar yadda ka yi alkawari. An ba mu tuwo da miyar kuka a ƙasar da ban yi zaton zan gan su ba. Da gwiwar Malam Hudu ta tashi, an samo masa keken turawa ba tare da mun roƙa ba. Na yi ibadata cikin natsuwa, na dawo zuciyata wasai. Duk wadda ta tambaye ni a makaranta, haka nake faɗa mata. Amma akwai abubuwan da ba zan iya haɗiyewa ba.

Na farko, batun bita. Kwana uku muka yi muna zuwa bita kafin tafiya. An koya mana harami da ɗawafi, an faɗa mana nauyin jakar da jirgi zai ɗauka, an ja mana kunne sosai a kan goro. Babu wanda ya ce uffan a kan ɗaukar hoto. Abin da ma muka ji daga bakin jagoran ayarinmu, Malam Nura, shi ne mu yi ta ɗauka muna turowa a zauren da aka buɗe mana a waya, don na gida su gani. Mu kuwa mutanen ƙauye ne. A wurinmu, duk abin da ke kan titi na kowa ne, ido ya kalla, waya ta ɗauka. Da wannan fahimtar muka hau jirgi.

Na biyu, abin da ya same ni a Madina. Kafin in tafi, ɗalibaina sun yi min sallahu iri-iri. Wata mai suna Ladi, wadda ba ta taɓa wuce Gwaram ba a rayuwarta, ba ta nemi dabino ko zobe ba. Cewa ta yi, "Malama, ni dai ki ɗauko mana tattabarun nan da ake ba da labari." To, wata rana da hantsi na fito ni kaɗai, Malam Hudu yana masauki yana hutar da ƙafa. Na tarar da su a wani fili a bakin hanya, sun fi ƙarfin ƙirge, mutane na watsa musu hatsi. Na ɗaga waya na fara ɗaukar bidiyo, ina juyawa a hankali, ina yi wa Ladi bayani da baki.

Ban ankara ba sai na ga tafin hannun namiji ya rufe min waya. Wani mutum ne, ransa a ɓace, yana magana da ƙarfi yana nuna bayansa. A can gefen filin akwai wata mata zaune, ta ɗage niƙabinta tana ba ɗanta ruwa. Matarsa ce. Wallahi ban gan ta ba, idona na kan tsuntsaye. Kafin in haɗa kalma biyu mutane sun taru, ɗan sanda ya iso ya karɓi wayar.

Alhaji, na yi shekaru ina koyar da Larabci, amma ranar na gane na littafi daban, na titi daban. Da na buɗe baki na fara ba da haƙuri da irin wanda na iya, sai da ɗan sandan ya danne dariya. Shi kuwa abin da yake faɗa, ɗaya cikin goma nake kamawa. Allah ya kawo min ɗauki ta hannun wata tsohuwa da ke sayar da hatsin tattabaru a wurin. Ta taso ta dafa ni, ta ce da Hausa, "'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, kar ki ja da su." Sunanta Hajiya Dije, a can aka haife ta, amma iyayenta daga ƙasar Hausa suka je. Ta bar wa maƙwabciyarta tiren sana'arta, ta bi ni har wani ƙaramin ofishi da aka kai mu.

A can aka kunna bidiyon a gabana. Ga fuskar baiwar Allah nan tar, har na ɗan tsaya a kanta ban sani ba. Sai na ji kunya ta rufe ni, domin na ga abin da mijin ya gani. Babban jami'in wurin ya yi min bayani a tsanake, Hajiya Dije na mayar min da Hausa. Ya ce a ƙasarsu fitowar mutum kan titi ba ta mayar da fuskarsa ta kowa ba. Ɗaukar mutum ba da izininsa ba laifi ne, yaɗawa kuma ya fi girma, yana iya kai mutum ga tara ko ɗauri. Ya tambaye ni ko na tura wa wani. Na ce a'a, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, da mutumin ya yi jinkirin minti ɗaya, da na riga na tura a zaurenku, kamar yadda aka ce mu riƙa yi.

Da suka tabbatar kuskure ne, aka goge bidiyon, na sa hannu a wata takarda cewa ba zan sake ba. Na roƙa a bar ni in ba matar haƙuri da bakina. Aka shigo da ita, ashe yarinya ce ƙarama, ba ta kai wasu ɗalibaina ba. Na riƙe hannunta na ce ta yafe min don Allah. Ta yi magana a hankali, Hajiya Dije ta ce, "Wai ta yafe, ki sa ta a addu'a, tana da juna biyu." Mijin da ya shigo yana huci, shi ne ya cika min hannu da dabino da za mu rabu. Washegari na koma filin, na nemi izinin Hajiya Dije, ta gyara mayafi ta tsaya a tsakiyar tattabarun na ɗauke ta. Ladi ta samu saƙonta.

Na uku, batun lambar waya. A katin da kuka rataya mana a wuya akwai lambar Malam Nura. Jami'in da kansa ya kira ta ya fi sau biyar, ba ta shiga. Daga baya muka ji ashe layin gida ne, kuma ya cire shi tun a filin jirgi ya sa na can. Tun hantsi har bayan la'asar Malam Hudu yana yawo da sanda, daga wannan ƙofar masallaci zuwa waccan, yana tambayar duk baƙar fatar da ya gani ko an ga matarsa. Ban riƙe Malam Nura a zuciya ba, yaron kirki ne, ya ba mu haƙuri har da ƙwalla. Amma da babu Hajiya Dije fa? Ba kowa ne zai yi dace da irinta ba.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Bayan mun dawo da kamar mako biyu, ƙanwata da ke aure a Zandam ta kira ni tana dariya, wai ashe na zama 'yar talla ban faɗa musu ba. Ban gane ba sai da na shigo Birnin Kudu. Ina sauka daga mota na ɗaga kai, sai ga ni. Ƙaton allon talla a bakin tasha, fuskata ta fi ƙofar ɗaki girma, hannuwana a sama, hawaye shaɓe-shaɓe, baki a buɗe. A ƙasa an rubuta sunan kamfaninka da lambobin waya.

Na san lokacin da aka ɗauki hoton nan. Ranar da za mu baro Makka ce. 'Yata ta fari, Hauwa, ta rasu wajen haihuwa shekaru huɗu da suka wuce, kuma ban taɓa yin kukanta yadda ya kamata ba, saboda ni ce mai ba wasu haƙuri a garinmu. A tsayuwar addu'ar bankwana ta wannan ranar na yi shi. Abin da na faɗa wa Ubangijina a lokacin, ko Malam Hudu bai sani ba. Ashe akwai ma'aikacinka a gefe da kyamara. Yanzu 'yan acaɓa na fakewa a inuwar allon, yaran mota na kwatance da ni. Da kunnena na ji wani yana waya yana cewa a same shi a gindin Hajiya mai kuka.

Ka duba wannan al'amari, Alhaji. Ni da na ɗauki fuskar wata bisa kuskure, na yini a hannun hukuma. Ku kuma da gangan aka saita ni, aka zaɓi hoton a cikin ɗaruruwa, aka kai wa mai bugawa, aka hau tsani aka rataya, kuma a duk wannan tafiyar babu wanda ya ce bari a tambayi matar nan. Ni ba lauya ba ce, ban san abin da dokar ƙasarmu ta tanada a kan haka ba, ban kuma je neman sani ba. Tarbiyyar da muka tashi da ita ta isa. Ba a shiga gidan mutum sai da sallama.

Na biyar, laifina ni ma. Ba zan yi maka wa'azi in ɓoye nawa ba. Duk walimar sauka da muka yi a makaranta, ni ce mai ɗaukar ɗalibai in watsa a waya, ina ganin alheri nake yaɗawa. Da na dawo na tara su na tambaye su. Sai mata biyu suka ce dama ba sa so, nauyina suke ji. Ɗaya ta ce har saɓani suka samu da mijinta a kan wani hoto, ta kasa faɗa min. Shekara da shekaru ina cutar da su ina murmushi. Na goge abin da zan iya gogewa, na nemi yafiyarsu. Yanzu kafin a ɗaga waya a makarantarmu sai an tambaya, wadda ba ta so ta koma gefe, babu mai yi mata kallon baƙauyiya. Wannan karatun na cikin mafi tsadar tsarabar da na kawo, kuma ta hanyar tafiyarka na same shi.

Ga buƙatuna.

A sauke allon nan. Idan an sauke kuma a kawo min shi hannuna, don na san inda tsofaffin alluna ke ƙarewa. Ba na so wata rana in tarar da fuskata an rufa rumfar mai shayi da ita. A duba shafukanku na waya ma, a cire duk inda aka sa ni.

A sa batun hoto a cikin bita, a ba shi lokacinsa kamar yadda aka ba goro. Na san ba Umara kaɗai kuke kaiwa ba, kuna kai 'yan kasuwa da masu neman magani wasu ƙasashen. Ɗan yayana da ke karatu a Turai ya ce min kowace ƙasa da nata tsarin. Wani wurin za ka ɗauki titi amma ba za ka yaɗa fuskar mutum ba, wani wurin yara ne ba a taɓawa, wani kuma ginin gwamnati ko jami'in tsaro ne zai ja maka. Ku bincika na duk inda za ku kai mutane, ku rubuta a 'yar takarda da boko da ajami, a karanta wa wanda bai iya ba. Kuma a daina ce wa matafiya su yi ta ɗauka su turo.

A rubuta lambar da ke aiki a can a jikin katin wuya, a gwada ta a gaban matafiya ranar da aka sauka.

Na ƙarshe, duk wanda kuke son sa hotonsa a talla, ku tambaye shi, ku nuna masa hoton, ku faɗa masa inda za a rataya. Za ku yi mamakin yawan waɗanda za su amince da murna. Ni kaina, in ka aiko Sundimina aka nemi izinina da na Malam Hudu, mai yiwuwa in sa mayafina mai kyau in tsaya a ƙofar makaranta a ɗauka, in kuma faɗa wa duniya cewa kun riƙe mu da amana. Amma wancan na bakin tasha ba naku ba ne. Tsakanina ne da Ubangijina da Hauwa.

Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa. In Allah ya sake hore mana, da ku za mu koma. Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya tsare matafiyanka a tafiya da dawowa, ya shirya maka zuri'a, ya rufa maka asiri duniya da lahira, ya ba ka ikon rufa na wasu.

Wassalamu alaikum.

Taka a Musulunci,
Malama Sa'adatu,
Sundimina, Birnin Kudu.