Shirun da Ban Yanke Ba

Zuwa ga Kuramochi-san, muryar da ke buɗe mini safiyar Lahadi, furen da ke leƙowa tun sanyi bai gama tattara kayansa ba, inuwata a tsakiyar Agusta lokacin da gyare ke kuka kamar zai tsaga gari,

Kin ga, ko a nan da sunan gidanku na kira ki. Hannuna ya ɗauko ɗaya sunan, ya kawo shi bakin takarda, ya fasa. A kan wannan fasawar nake rubuto miki, kuma lokaci ya ƙure mini. Ranar Juma'a shirinmu zai fita, ranar ce kuma kika ce za ki ba kawunki amsa, ko za ki koma garin Uwajima ki karɓi ƙaramin gidan sinimarsa na bakin teku.

Kin san rabon aikinmu. Tun da muka fara naɗar shirinmu na murya, Gefen Shafi, a ɗakin saman shagon tsofaffin littattafai na Hiruma-san, ke ce mai magana, ni ne mai yanka. Ke kike kawo littattafan zanen da masu su suka buga da kansu suka ɗinke da zare, da finafinan dodannin roba waɗanda ba mai kallo sai irinmu. Ni kuwa in tsoma baki nan da can, sannan in kwashi muryoyinmu in kai gida in share. In cire tari. In cire jirgin ƙasa idan ya ratsa unguwar Koenji ya girgiza mana taga. In cire shiru, domin mai saurare ba ya haƙuri da shiru. A haka na san numfashinki fiye da yadda na san fuskata. Akwai wanda kike ja kafin dariya, gajere, kamar tsuntsu ya taɓa ruwa ya wuce. Akwai wanda kike ja kafin ki kare fim ɗin da kowa ya zaga, dogo, kamar teku ya janye zai dawo da ƙarfi. Wa ya taɓa son mace ta hanyar abin da yake gogewa daga muryarta? Ni ne, ya hasken idona, ni ne!

Lahadin da ta wuce kin zo da wani siririn littafi. A shafin ƙarshe mace da namiji na tsaye a tasha, an zana da'irar magana a saman kan namijin, amma ba a rubuta komai a ciki ba. Kika ɗaga shi, jar fitilar makirufo na kunne, kika ce, "Tonegawa-san, kai da ba ka rasa gyara, da kai ne mutumin nan, me za ka rubuta a ciki?" Ba littafin kike kallo ba. Ni kike kallo.

Na buɗe baki, na tsaya. Na yi ta addu'ar jirgi ya wuce in laɓe a bayan ƙararsa, ranar ya ƙi zuwa. Har kika yi wata dariya da ban san ta ba, kika ce, "Shi ke nan, mai almakashi, ka yanke wannan." Sai ga Hiruma-san ya hawo da shayi yana haki: "Kai, ɗan samari, rasuwa aka yi a sama? Na ji tsit har na ɗauka wuta aka ɗauke." Ya juyo gare ki: "Chizu-chan, rabu da shi, wannan ko sunansa kika tambaye shi sai ya je gida ya duba!" Kuka yi dariya. Kika naɗe gyalenki kika sauka ba ki taɓa shayin ba.

A littafin da nake rubuta al'amuran kowace rana, ga abin da na iya sa wa ranar: Rana, iska kaɗan. Na ci taliya. Na kasa.

Jiya na zauna yanka. Muryoyinmu suka bayyana a fuskar kwamfuta, tudu da kwari, sai ga wurin nan a miƙe ɗoɗar kamar kogi a daskare. Na zaɓe shi, yatsana ya hau kan maɓallin gogewa. Sai na hango wani ɗan tsini a tsakiya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na ƙara murya har ƙarshe. Muryata ce. "Chi," na ce, na tsaya. Farkon sunanki! Sunan da mahaifiyarki ke kiran ki da shi, wanda namiji ba ya ɗauka a bakinsa sai an ba shi izini. Ban ma san ya fito ba. Bayansa kuma ga numfashinki, wani irin da ban taɓa ji ba a duk shekarun nan: kin ja, kin riƙe, ba ki sake ba.

Ko kuwa kujera ce ta motsa? Ko mura ke damun ki? Na maimaita wurin har kunnena ya yi zafi, kuma kowane maimaici da abin da yake faɗa mini. Ni mutum ne da ya haura arba'in, mai ninke takarda a gidan ɗab'i, mai duba ƙofa bayan ya san ya kulle ta. Me zai sa ruwan farkon bazara ya sauka a kan irin wannan busasshen tudu? Amma idan ba jira kike yi ba, ya sanyin raina, me kika riƙe numfashi domin shi?

Ba na roƙon ki ce wa kawunki a'a. Gidan sinimar nan yana bukatar wadda za ta tsaya gaban kujerun da ba kowa ta nuna dodon roba da zuciya ɗaya, kuma ke ce. Roƙona ki tafi da ni. Makirufo biyu suna shiga jaka guda. A bakin teku ma ana ninke takarda. Zan share ƙasa, zan yagi tikiti, zan koyi cire kukan tsuntsayen ruwa kamar yadda na koyi cire jirgi.

Ke kike ɗora shirin a intanet, ba ni ba. Don haka na turo miki shi iri biyu. Na farko an yanke shi tsaf yadda kika ce: kin yi tambaya, kin yi dariya, babu wanda zai san akwai rami a tsakani. Na biyu da shirun a ciki, duk tsawonsa, da ɗan tsinin nan, da numfashinki. Ranar Juma'a da hutun rana zan zauna a matattakalar bayan gidan ɗab'i in sa abin saurare a kunne. Idan na ji wanda aka yanke, na gane. Zan zo tasha in ɗaukar miki jaka, in sunkuya in ce Kuramochi-san ta sauka lafiya, ba za ki ga komai a fuskata ba. Idan kuwa na ji shiru, kai, idan na ji shiru!

Ko wanne kika zaɓa, kunnen nan ba zai ƙara koyon numfashin wata ba, har ranar da nawa zai tsaya. Ga abin da zan rubuta a cikin da'irar, tun da bakina ya tsaya a rabi:

Chizuru.

Naka, a'a, naki, kin ga har alƙalamina ya yi tuntuɓe, kuma ba zan goge ba,
Shuhei