Numfashin Jannatu

Zariya, 4 ga Oktoba

Malama Rebecca,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aikin asibiti? Tunda babu sabis a wajenku, na ba direban motar magani wannan takarda.

A cikin yara sittin da muke bi a binciken haɗiya da numfashi, fom ɗin Jannatu 'yar Asibi ta Kakangi ne kaɗai bai zo ba wata biyu. Ina buƙatar nauyinta, da sau nawa take ƙwarewa in tana shan kunu, da ko ƙarar numfashin ta ragu.

Ki huta lafiya.
Dakta Bara'atu Ɗalha

Birnin Gwari, 11 ga Oktoba

Ranki ya daɗe Dakta,

Gaisuwa mai yawa. Takardarki ta same ni lafiya.

Ban auna Jannatu ba wata biyun nan, don sai shekaranjiya na gan su. A watan jiya 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu da hantsi, mutane suka gudu suka ɓuya a wani kwazazzabo. Kin san yadda numfashin yarinyar yake, kamar ana busa usur, balle in ta tsorata. Maƙwabcinsu Maikuɗi ya ce wa Asibi ta yi wa Allah ta matsa nesa da su, kada ƙarar ta tona asirin mutum arba'in. Mijinta yana gona lokacin. Ba wanda ya ce ta zauna. Ta goya 'yarta ta shiga daji ita kaɗai, ta kwana biyu a gindin wani dutse.

Kunu mai kauri da kika ce a riƙa ba ta bai samu ba. Ruwan rafi ta ba ta da tafin hannu, yarinyar ta yi ta ƙwarewa. Tun daga nan tari da zazzaɓi ba su sake ta ba. Yanzu suna nan gari, gidan wan mijinta.

Asibi ta ce in tambaye ki da bakinta: “Likita ta ce ƙarar za ta daina in ta girma. Wane wata? Kaka ta zo, za mu koma.”

Taki,
Rebecca Gideon

Zariya, 14 ga Oktoba

Malama Rebecca,

Bayan gaisuwa. A ƙa'idar binciken, yaron da ya rasa awo biyu a jere ya fita. Na cire sunanta yau.

Amsar Asibi: ba ni da wata da zan faɗa mata. Naman da ke saman maƙogwaron Jannatu ne ya yi laushi, yana rufe hanyar iska in ta ja numfashi. Yawancin yara suna warkewa kafin shekara biyu, kaɗan ne sai an yi musu aiki. Na sa ta cikin masu yawa, kuma yanzu ina ganin na yi kuskure. Zazzaɓi bayan ƙwarewa yana nufin ruwa ya sauka huhu.

Ba ta cikin bincikena, amma mara lafiyata ce. Na samar mata gado a nan Zariya. Su biyo ayarin motocin da sojoji ke rakawa ranar Litinin. Za mu fara da huhun, sannan likitan tiyata ya duba ta. A riƙa ba ta abinci a zaune, kaɗan-kaɗan.

Sai na ji daga gare ki.
Bara'atu

Birnin Gwari, 20 ga Nuwamba

Dakta,

Gaisuwa da godiya. Sun dawo lafiya, aikin maƙogwaron ya yi kyau. Na auna Jannatu, kilo bakwai da rabi. Ta shanye kofin kunu a gabana ba ta yi tari ba, kuma sai na kara kunne a ƙirjinta kafin na ji numfashin.

Jiya suka koma ƙauye yankan dawa. Maikuɗi ne ya zo ɗaukarsu a babur, ba wanda ya aike shi. Asibi ta daɗe a tsaye da goyo a bakin asibiti, shi kuma yana kallon ƙasa. Sannan ta miƙa masa ƙullin kayanta, ta hau.

Allah ya saka da alheri.
Rebecca