Tsagar da ke Bayan Labule

Zuwa ga Maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya jikinka, yaya ciwon bayan nan da ba ka son a tambaye ka? Ina fata yara suna lafiya, kuma Auta ba ta ƙona maka tukunya ba.

Mun iso lafiya. Ƙanena, da yanzu kowa ke ce wa Darakta, kansa ya kumbura har hula ba ta zama. Jiya aka nuna fim ɗinsa a bikin finafinan da ya kawo mu. Ka tuna lokacin da ka tafi ginin makarantar nan mai nisa, na ara masa gidanmu don ɗaukar fim? Na ce maka falo kawai za su taɓa. Ni ma haka aka faɗa mini, shi ya sa na kwashi yara muka koma wajen Inna.

Maigida, ɗakin kwananmu na gani. Labarin wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar ta a gida mai shirin rushewa. Sun cire labulen da na rataya a bangon gabas, sun janye kabad, sai ga tsagar nan tun daga rufi har ƙasa, a majigi ta fi ƙofar gida faɗi. Matar da ke kusa da ni sai share hawaye take yi. Ni kuwa kunya ta hana ni ko motsi. Kai da ake nema unguwa-unguwa saboda iya gini, ga bangonka baƙi suna kuka a kansa.

Abin da nake lallashin kaina da shi, ba wanda ya san gidan wane ne. Na ba mai kyamara wannan takarda tunda zai riga mu dawowa, gara ka ji daga bakina.

Ka gaida yara.

Taka har kullum,
Maman Auta

Maigidana,

Ina gaisuwa. Lafiyarka kuwa? Na kira ka har na gaji ba ka ɗauka ba, dole na sake komawa ga biro.

Fim ɗin ya ci babbar kyauta. Ya kamata in yi murna, ɗan'uwana ne, har babur ɗinsa ya sayar kafin ya kammala shi. Amma bayan an miƙa kyautar, wani ɗan jarida ya tambayi mai tsara ɗakunan fim ɗin yadda ya ƙirƙiro tsagar har ta zama kamar gaske. Bawan Allah ya ce bai ƙirƙiri komai ba, labule kawai ya ɗaga. Aka yi dariya. Darakta kuma, wai shi zai karrama mu, ya karɓi abin magana ya ce gidan mijin yayarsa ne, babban magini, da hannunsa ya gina shi. Ya nuna ni ya ce in miƙe. Na miƙe ana tafi. Ɗan kuka dai shi ke jawo wa uwarsa jifa.

Na same shi a bayan zaure na wanke shi tas. Ya rantse bai nufi sharri ba, kuma na yarda, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Auta ta ce mini a waya bidiyon jawabin ya zagaye wayoyin unguwa, har mai kantin da ya ba ka aikin benensa ya aiko a dakata tukuna. Na san wannan aiki muka sa wa rai. Ni da kai mun san ƙasa ce ta zauna a shekarar ambaliya, ba hannunka ba ne, amma wa zai bi gida-gida yana bayani?

Ta kuma ce ka sauke labulen da kanka, ka wuni zaune a bakin gado kana kallon bangon, ko abinci ba ka taɓa ba, yau kuma ka shigo da buhun siminti. Wannan ya fi komai taɓa mini zuciya.

Don Allah ka ci abinci. Kuma kada ka hau tsani da bayan nan kai kaɗai. Jibi ina hanya in Allah ya yarda. Lokacin da muka tayar da bangon nan ba mu da halin ɗaukar lebura, ni na kwaɓa maka ƙasa da cikin Auta. Ka jira ni, ban manta yadda ake riƙe shebur ba.

Ka yafe mini aron da na bayar.

Matarka,
Maman Auta