Garken Babanmu da na ɗinke a cikin laya

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya tsaya mini a wuya.

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Dutsin-Ma, amma mahaifinmu yana ƙauye wajen Barkiya. Da ɓarayin shanu suka addabi yankinmu, Baba ya sayar da garkensa yana hawaye, ya danƙa mini kuɗin ya ce in adana har ƙura ta lafa. Ni kuma da iyayin ɗan boko na ce Naira kullum zubewa take, sai na mayar da su kirifto, wato kuɗin intanet, irin wanda ke bin farashin dala. Baba bai gane ba, ya dai ce tunda kai ne, shi ke nan.

Wallahi ban yi sakaci da kwamfutar ba. Laftof daban na ware wa walat ɗin, wato asusun da kirifton ke ciki, ba na shiga ko'ina da ita, ba a soka mata filashin kowa, kalmar sirrin ko matata ba ta sani ba. Saura kalmomi goma sha biyun nan da ake ba mutum, waɗanda duk wanda ya same su zai buɗe walat ɗin a wata na'urar ba sai ya taɓa tawa ba. Ban ɗauke su a hoto ba. Na rubuta a takarda, na tsaya a kan baduku ya ɗinke ta cikin fata da jan zare kamar laya, na rataya wa Baba a wuya. Malamai kar ku yi mini ca, ba asiri ba ne, na dai san a ƙauyenmu ba mai ƙarfin halin farke layar dattijo. Kuskurena ɗaya, na yi wa Baba bayanin a gaban yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, har da cika baki wai garken duka yana cikin 'yar fatar nan.

Watan jiya na buɗe walat na tarar wayam. Sati biyu ina birkita laftof ina neman cutar da ta shige ta, har abokina mai gyara na yi wa kallon ɓarawo, yanzu ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Ran wata Juma'a na je gida, Baba ya tuɓe riga zai yi alwala, idona ya faɗa kan layar. Baƙin zare ne a jiki, ɗinkin ma a karkace. Na tambaye shi, ya ce ai igiyar ce ta tsinke kwanaki, Yaya ya karɓa ya kai gyara, har Baba ya sa masa albarka.

Na bi Yaya gona. Da farko ya hau rantse-rantse, da na ce mu je wurin badukun da ya yi gyaran sai ya sauko. Wai wani ne a Kurfi ya nuna masa sabon kirifto mai ninkawa, ya farke layar ya kwashe kuɗin da niyyar juyawa ya mayar kafin in lura, abin ya rushe da komai. Da na ɗaga murya sai ya ce ai dama akwai gadonsa a ciki. Gado, alhali mai dukiyar yana raye yana sa masa albarka. Wannan kalmar ta fi asarar ƙona mini rai. Ashe ɓarawon shi ne yayan da ya goya ni ya kai ni makaranta, ni ina can ina gadin ɓarayin intanet. Daga baya ya riƙe mini hannu yana kuka, wai kar in faɗa, Baba na da hawan jini.

To ga inda nake. Baba ya ce da an gama girbin gero zai fara mayar da shanu, ko biyar ne. Shekaranjiya ya dafa layar yana murmushi ya ce mini, "Ka ga garken da ba ya son kiwo. Kai dai ka kyauta mani."

In na yi shiru, ni za a ce na ci, don a hannuna ya ba da amana. In na faɗa, na san Baba, ko dai ya kwanta ciwo ko ya yi wa Yaya baki. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ni ko fuskarsa ba na son gani. Ko na sayar da shagona ba zai kai rabin garken ba.

Gero ya riga ya nuna, jama'a. In faɗa wa Baba gaskiya, ko in bar shi ya ci gaba da rataye fatar da ba komai a cikinta?