Yadin Sarjan a Karofi

Zuwa ga Yaya Mamman a Kano,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina iyali? Yaya ƙafar Inna? Mu nan Birnin Damagaram lafiya lau.

Shekaranjiya wani sarjan na Nasara ya kawo farin yadi marina a rina masa shuɗi. Da na tsamo shi daga karofi kore shar, sai ya ɗaga bulala, wai na ɓata masa kaya. Ban durƙusa ba. Na shanya yadin a gabansa, na ce wa tafintansa, "Gaya masa baba a cikin ruwa kore yake, sai ya sha iska yake zama shuɗi." Yana tsaye yadin ya juya shuɗi. Ya sauke hannu.

Ka gaida su Inna, ku sa mu a addu'a. Damagaram Nasara suka ci da yaƙi, Yaya, amma iska ba ta bin umarnin kumandansu.

Ƙaninka, Isa