Barandar da Jifana Ke Kaiwa

Zuwa ga Sabriyya, sanyin idona, inuwar dabinon gidanmu, ruwan randata a tsakiyar zafin garinmu Isna, uwar Rihab, abokiyar tsufana.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ya jiki, ya idon? Na san Rihab ce take karanta miki takardar nan. Rihab, 'yata, ki karanta duka, kada ki tsallake inda kunya ta kama ki, ubanki ne ya rubuto wa uwarki. Na koma ga biro ne saboda duk sanda na ɗauko zancen shiga jirgin ruwan nan a waya, sai ki ce shayi yana tafasa, ki kashe. Wane irin shayi ne wannan da ba ya tafasa sai na buɗe baki?

Tun da kika tafi Alƙahira wajen likitan ido, gidan nan ya yi mini faɗi. Kujerarki tana bakin taga, kwandon zarenki yana gefenta, ban taɓa ba. Rihab ta gaya mini abin da likita ya ce, tunda ke kin ɓoye mini: hasken da ya rage kaɗan ne, kuma raguwa yake yi. Allah ne mai magani, ban fid da rai ba. Amma ba zan naɗe hannu in zauna ya ƙare ba ki ga abin da na yi miki alkawari ba.

Kin tuna? Muna sabon aure, ke kina ɗinka ado a gyale, ni ina tuƙa kwalekwale a kogin Nilu in tari manyan jiragen baƙi masu yawon buɗe ido in sun tsaya jiran a buɗe musu ƙofar madatsa. In ƙulle gyale a leda in wurga sama, mace ta cafe daga baranda ta gwada, in ya yi mata ta jefo kuɗin a ledar, in bai yi ba ta maido mini kayana. Ranar da kika nace sai kin bi ni, kika zauna a tsakiyar kwalekwale kin ƙanƙame katako, kina ta salati duk sanda ruwa ya ɗaga mu. Da kika hango shuɗin gyalenki a kafaɗar wata baƙuwa can sama, sai salatin ya tsaya, kika ce, "Haggag, ko yaya muke in an dube mu daga can?" Na bugi ƙirji na ce wata rana za ki gani da idonki. Gyale nawa kika ɗinka tun daga ranar, ya hasken raina? Ba allurar da ta ciyar da mu ce ta sha idon nan ba?

To, jiya na je birnin Luksor, inda jirgin yake tashi, na zaɓi ɗaki a cikinsa. Girgis, ma'aikacin ofishin jirgin, ya yi ta yabon wanda ke can ƙololuwa, wai na manyan mutane ne, daga shi ana hango har duwatsun yamma. Na hau na duba. Wallahi ya yi kyau, amma daga can mai kwalekwale bai fi ƙuda a faranti ba, ko ni mai lafiyar ido sai da na ƙura ido sosai. Me za ki gani a wurin? Na ce a sauko da ni. Ya nuna mini na baya mai faɗi, ina shiga na ji inji yana gurnani a ƙarƙashin ƙafata. Shi ma na ƙi, domin ina so kunnenki ya taimaki idonki, ki ji kiran masu talla da bugun ruwa a jikin katako.

Na ɗauki na tsakiya, a hawan da ya fi kusa da ruwa cikin masu baranda. Yana da ɗan falo, matakala kaɗan ce tsakaninsa da wurin cin abinci, barandar kuma tana da rumfa da kujeru biyu. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne dama ko hagu. In muka doshi kudu, garinmu a dama yake, sai dai da la'asar ake isa, rana kuma ta wannan gefen take dukan fuska, ke kuwa yanzu haske mai ƙarfi hawaye yake sa ki. Na yi ta kai da kawowa har Girgis ya gaji ya kawo mini kujera. Daga ƙarshe na zaɓi hagu, wajen inuwa. Isna dai kin haddace ta lungu-lungu, mu masu kwalekwale ne ba ki taɓa gani daga sama ba.

Na ji wai kin ce ɓarna ce a kai makauniya kallo. Kada in sake jin kin kira kanki da sunan nan, ya sukarin shayina! Idon da ya bi samarin bakin kogi ɗaya bayan ɗaya ya tsaya a kaina, duk da baƙin rana da tsummokin da ke jikina, shi ne za a ce ya gama aiki? Ina kewarki, Sabriyya, kuma ina jin tsoro, ban ɓoye miki ba. Tsoron da nake ji shi ne mu yi ta jan ƙafa har a makara.

Ga kuma abin da ban gaya wa kowa ba sai kyaftin, shi ma ya yarda. Da mun isa jiran madatsa zan sauka in shiga kwalekwalen ƙanena. Jan gyalen nan da kika gama kafin ki ajiye allura, wanda kika ce in sayar, yana nan a akwatina. Zan zo daidai ƙasan barandarki, in kira sunanki, in wurgo. Kafaɗata ta tsufa, amma na auna tsayin wurin, har can jifana yana kaiwa. In kin gan ni, alhamdu lillahi, sai ki gaya mini yadda muke. In kuma ba ki gan ni sosai ba, ki miƙo hannu biyu kawai, a cikinsu zai sauka.

Ki dawo kafin sanyi ya wuce.

Naki ne ni, ko ina sama ko ina ƙasa, muddin Nilu yana gangarawa arewa,
Haggag